Garmaho a gwanjon Ingila, in taya ko in haƙura?

Baban Ummi, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan da. Akwai wani gidan gwanjo nan kusa da mu da za su yi gwanjon kayan gida ranar Alhamis mai zuwa, a cikin jerin kayan sai na ga garmaho guda biyu. Na farko mai ƙaton ƙaho ne na tagulla sai sheƙi yake, ga hoton karen nan na HMV, sanannen tambarin garmaho, a gabansa, sun ƙiyasta shi fam 40 zuwa 60. Na biyu irin na akwati ne baƙi, sun rubuta HMV 102, fam 80 zuwa 120, an haɗa shi da kwalin faya-fayai da gwangwanayen allura guda uku. Abin da ya ja hankalina, kakana ma'aikacin reluwe ne a Zariya kuma yana da garmaho, mahaifiyata har yau tana ba mu labarin yadda ake fito da shi tsakar gida bayan isha'i yara su zagaye, bayan rasuwarsa aka neme shi sama da ƙasa aka rasa. So nake in kai mata irinsa in na je gida. Zuciyata ta fi kwantawa da mai ƙahon saboda ya fi kyau kuma ya fi araha, amma ban taɓa shiga gwanjo ba a rayuwata.

Kawu Mai Agogo, Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗana kafin komai ka tambayi Hajiya, na mahaifinta mai ƙaho ne ko na akwati? Ni dai tun ina yaro a shagon ubangidana duk wanda aka kawo gyara na akwati ne, mai marfi da mariƙi kamar jakar tafiya, su ne malaman makaranta da akawuna da 'yan reluwe suka riƙa saye. Mai ƙaho a waje ba kasafai ake ganinsa ba a nan.

Alhaji na Mishigan:
Baban Ummi turo mana hoton mai ƙahon, musamman wuyan ƙahon daga baya da wajen da hannun wana shi yake shiga. Fam 40 a garmaho mai ƙaho na asali? Da wuya wlh.

Baban Ummi, Manchesta:
Ga su nan Alhaji, na ɗauko daga shafinsu. Kawu na kira ta yanzu, ta ce na akwati ne baƙi, har ta tuna ɗan wajen zuba allura da ke kusurwa.

Alhaji na Mishigan:
To alhamdulillah da ka tambaya kafin ka sa kuɗinka. Wannan mai ƙahon jabu ne, irin wanda ake haɗawa a Indiya ana sayar wa masu son ado, sun cika kasuwanni a Turai da Amurka. Dubi wuyan ƙahon, na asali lanƙwasa yake yi a hankali kamar wuyan buta, wannan kuwa yanka bututu aka yi aka liƙa da dalma ya yi gwiwa mai kusurwa. Sannan dubi hannun wanin, a karkace ya shiga katakon, dalili kuwa injin da ke ciki na tsohon garmahon akwati ne aka ciro aka dasa a sabon katako, shi ya sa bai zauna daidai ba. Hoton karen ma mannawa aka yi. Ni da kaina na taɓa faɗawa, shekarun baya ina sabon shiga na sayi irinsa a wani gwanjo ta intanet, da ya iso na ɗora faifai mai kyau sai na ga baƙin gari yana fita daga layin faifan, kan allurar ba a daidaita shi ba cin faifan kawai yake, na yi asarar kuɗi na yi asarar faifai kuma ba wanda zan kama, tunda a takardarsu kalmar da suka rubuta tana nufin "mai kama da na da", ba su ce na da ba ne. Ka koma ka karanta bayanin naka da kyau za ka ga irin wannan kalmar.

Baban Ummi, Manchesta:
Innalillahi, haka ne Alhaji, sun rubuta salon HMV, ba su ce HMV ba. Allah ya saka da alheri, saura kaɗan.

Ɗan Gwarzo:
Ni fa ku yi haƙuri ina da magana. Fam 100 nawa ne a naira yanzu? A wannan tsadar rayuwar a ɗauki irin wannan kuɗin a sayi abin da ba ya ɗaukar ko kaset, faifai ɗaya minti uku ya ƙare ka tashi ka sake wanawa, alhali duk waƙar da mutum yake so tana YouTube. Da ka aika wa Hajiya kuɗin ta yi cefane ai ya fi mata amfani yallaɓai.

Hajiya Maman Sadiq:
Ɗan Gwarzo ka bar shi mana. Wanda ya kai shekarunmu abin da yake tuna masa iyayensa ba a auna shi da cefane. Ni har yau akwai tasoshin mahaifiyata na jere da ban yarda a taɓa su ba, kuma a adakar babanmu akwai faya-fayan garmaho nannaɗe da zani, garmahon ya daɗe da lalacewa yara suka yi wasa da shi amma faya-fayan ban bari an zubar ba.

Ɗan Gwarzo:
Hajiya ban ƙi ta taki ba, amma dai a yi lissafi.

Alhaji na Mishigan:
Lissafin kam dole ne, a nan Ɗan Gwarzo ya yi gaskiya. Baban Ummi abin da sababbin shiga ba su sani ba, kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa a kan mai saye, yawanci tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sannan a Ingila akwai harajin VAT kashi 20 a kan ita la'adar. Misali in aka sallama maka a fam 100 kuma la'adarsu kashi 25 ce, ka ga 25 kenan, harajinta 5, ya zama 130. In ta intanet ka taya, ta shafukan gwanjo irin su the-saleroom ko LiveAuctioneers, sau da yawa akwai wani ƙarin kaso kuma. Ga kuɗin ɗaukowa in ba kai za ka je da motarka ba, wasu ma in ka bar kayan ya kwana biyu a wajensu sai su fara cajin kuɗin ajiya. Saboda haka ka fara yanke iyakar abin da za ka iya fitarwa daga aljihunka gaba ɗaya, ka cire la'ada da haraji, abin da ya rage shi ne ƙarshen tayinka, ka rubuta shi a takarda ka riƙe a hannu domin in aka fara ɗaga hannu zuciya takan ɗebi mutum. Kuma ƙiyasin da suka sa ba farashi ba ne, wani lokacin da gangan ake sa shi ƙasa don mutane su taru, sannan mai kaya yakan ajiye farashin da in ba a kai shi ba albarka zai ce, kayan ya koma gida.

Malam na Sakkwato:
Tunda an zo maganar tayi bari in sa baki kaɗan, don na san akwai masu ɗar-ɗar da gwanjo suna ganin kamar ciniki ne a kan cinikin ɗan'uwa. Malamai sun halatta shi, a fiƙihu bai'ul muzayada ake ce masa, kuma Imamu Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa ba laifi mutane da yawa su taya hajar da aka tsayar don sayarwa, abin da aka hana shi ne ka shiga bayan mai kaya ya riga ya karkata ga wani sun daidaita. Wanda yake haramun shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don a tsuga wa wani, hanin yana cikin Bukhari da Muslim. To in ka ga ana ta tura farashi kana zargin da hannu a ciki, ka tsaya a kan adadinka kawai.

Baban Ummi, Manchesta:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. To yanzu na akwatin fa, me zan duba? Sun ce ranar Laraba ana iya zuwa a ga kaya.

Kawu Mai Agogo, Kano:
Yawwa wannan ita ce tambayar. Ka je da kanka kar ka yarda da hoto. Da farko ka wana shi a hankali, in ka ji hannun yana ta juyawa ba ya yin tauri to sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya injin, ya karye ko ya kuɓuce daga ƙugiyarsa. In ya yi tauri ka saki birki ka bar farantin ya juya, ka kasa kunne, in kana jin gib gib lokaci lokaci daga ciki wannan tsohon giris ne ya bushe ya manne sifirin, ba babbar matsala ba ce wanki da sabon giris yake so. In gudun yana hawa yana sauka to ɗan abin da ke daidaita gudu ne, mai ƙwallaye uku a kan siraran ƙarafa, ɗaya ya karye ko fatar birkinsa ta bushe. Sannan kan allura, shi ne ran garmaho gaba ɗaya, ka dubi bayansa da kyau domin irin ƙarfen da suka zuba a bayan wasu yakan kumbura ya tsage da tsufa, in ya tsage sai dai a nemo wani. Robar da ke cikinsa kuma tabbas ta ƙandare, wannan ana canzawa. Ka shinshina cikin akwatin ko ya sha danshi, ka duba ko akwai ƙananan huji a katakon alamar ƙwaro. Abu ɗaya nake roƙonka ɗana, kar ka buɗe gidan sifirin da kanka, doguwar igiyar ƙarfe ce a naɗe da ƙarfi, in ta kufce tana iya yanke yatsa ko ta sami ido, na ga wanda ta yi wa illa.

Alhaji na Mishigan:
Kawu ya gama magana. Abin da zan ƙara, 102 ɗin zaɓi ne mai kyau ƙwarai, kamfanin Gramophone mai tambarin HMV ya fito da shi a 1931, shekarar da suka haɗe da Columbia aka sami EMI, kuma sun ci gaba da ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950, saboda haka yana da yawa kuma kayan gyaransa ba sa wuya a Ingila. Baƙin shi ne ya fi yawa ya fi sauƙin kuɗi, ja da shuɗi da kore sun fi tsada wajen masu tarawa. Wanda ya gabace shi 101 ne na 1925, shi ma yana da kyau. A Ingila akwai ƙungiyar masu wannan harka tun 1919, City of London Phonograph and Gramophone Society, ta wajensu za ka iya samun mai gyara. Mu nan Amurka harkar ta ɗan bambanta, a gwanjon Stanton's da ake yi nan Mishigan abin da ya fi yawa injinan Edison ne da Victor. Shi Edison da ya ƙirƙiro abin a 1877 ba faifai ya yi ba, silinda ce kamar gwangwani, daga baya aka riƙa yin ta da kaki tana ɗaukar minti biyu, sai a 1912 suka fito da shuɗiya mai ƙarfi mai minti huɗu. Faifai shimfiɗaɗɗe Emile Berliner ne ya kawo shi a 1887, shi ya sa masa suna giramafon, daga nan muka sami kalmar garmaho. Ina faɗin wannan ne don kar ka ga kwalin silinda da araha ka saya, ba za su hau naka ba.

Ɗan Damagaram, Faris:
Salamu alaikum, ni ma in ƙara nawa daga Faransa. In a cikin kwalin ka ga faifai mai hoton zakara an rubuta Pathé ka yi hankali, da yawa daga cikin na farkonsu ba da allurar ƙarfe ake kunna su ba, da ɗan dutsen safir mai kan ƙwallo ne, layinsu sama da ƙasa yake motsi ba gefe da gefe ba, wasu ma daga tsakiya suke farawa su ƙare a baki. In ka sa masu allura ba za ka ji komai ba sai ƙara kuma ka kashe faifan. Haka faya-fayan nan masu kauri da Edison ya fitar daga baya. Nan a gidan gwanjo na Drouot nakan ga ana haɗa su duka a kwali guda a sayar, wanda bai sani ba sai ya ɗauka duk ɗaya ne.

Ɗan Gwarzo:
To ni abin da ban gane ba, gwangwanin allura har uku na mene ne? Allura ɗaya ba ta isa ba?

Kawu Mai Agogo, Kano:
Ina fa! Allura ɗaya fuska ɗaya ta faifai, daga nan a jefar. Faifan da shalak aka yi shi, wani ƙaro ne da ƙwaro ke fitarwa a jikin itace a Indiya, aka cakuɗa da garin dutse, da gangan aka yi shi ya riƙa cin allura maimakon allura ta ci shi. In ta cinye bakinta ya zama kamar kurfi, ka sake sa ta sai ta kankare waƙar. Abin da ya kashe yawancin faya-fayan mutanenmu kenan, allura ta yi wuya a samu sai a yi ta maimaita ɗaya, wasu har wasa ta suke a dutse. Har yanzu ana ƙera sababbi, ya sayo da yawa kafin ya taho. Su kuma gwangwanayen kansu akwai masu tara su saboda zanen jikinsu, kar ya zubar.

Baba Zango, Kumasi:
Jama'a ina ta karantawa. Ni dai a ganina inji ba shi ne abin damuwa ba, dubbai aka ƙera kuma Turawa sun adana, ko yau ka rasa wannan wani watan wani zai fito. Abin da ba ya dawowa faifan namu ne. Kamfanin Zonophone tsakanin 1927 da 1930 sun ɗauki mutanen Afirka ta Yamma a Landan cikin harsunansu, Fanti da Twi da Ga da Yarbanci har da Hausa, makaɗan Kumasi Trio ma a 1928 suka je aka ɗauke su. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin faifai na Decca ya buɗe nasa na Afirka ta Yamma, makaɗin Gana E.T. Mensah a kansa ya yi suna. Waɗannan faya-fayan nan aka kawo su aka sayar a kantuna, nan aka kunna su har suka cinye, zafi ya lanƙwasa wasu yara suka fasa wasu, shi ya sa in guda mai lafiya ya fito a gwanjon Turai masu tarawa suke rububinsa ya fi injin tsada wani lokacin. Mu kuma namu suna cikin adaka muna jiran ranar da za a share ɗaki a zubar. Hajiya Maman Sadiq ranki ya daɗe, dan Allah ki buɗe adakar nan ki karanta mana abin da ke jikinsu.

Hajiya Maman Sadiq:
Baba wallahi ka sa jikina ya yi sanyi, ban taɓa kawo wa raina suna da wani muhimmanci ba bayan na tunawa da babanmu. Adakar tana gidanmu na cikin gari wajen yayata, ranar Juma'a in na je gaishe ta zan duba in sha Allah.

Ɗan Gwarzo:
Wannan kam na yarda, in akwai muryar mutanenmu ta sama da shekara 90 a ciki ai ya wuce maganar kwalliya. Amma in an samu a naɗe a waya a ajiye, kar a dogara da faifan.

Alhaji na Mishigan:
Haka ne, amma in faifan mai wuyar samu ne kar a fara ɗora shi a garmaho, kansa nauyi ne da shi kowane kunnawa yana rage masa rai. Da na'urar faifai ta lantarki mai juyi 78 a minti da allurar da ta dace ake naɗar irinsu.

Baban Ummi, Manchesta:
Salam 'yan uwa, ga rahoto. Laraba na je na yi duk abin da Kawu ya ce, sifirin lafiya sai dai gib gib ɗin nan yana yi, bayan kan allurar bai tsage ba, fatar akwatin ta ɗan ɗaye a kusurwa ɗaya. Jiya na je da takardata na rubuta 110. Aka fara daga 60, mu uku ne, ɗaya ta intanet, hannuna har rawa yake wlh, a 95 aka buga min guduma. Da la'ada 23.75 da haraji 4.75 na biya fam 123.50. Mai ƙahon ma wata mata ta saye shi, raina bai so ba amma ban sami damar yi mata magana ba. Faya-fayan guda 31 ne biyu sun tsage, duk kiɗan rawar Turawa ne, babu namu ko ɗaya. Na ɗora guda na kira Hajiya ta bidiyo, da ta ga na buɗe marfin ina wanawa shiru ta yi ta daɗe, sai ta ce in matso da wayar ta ga wajen allurar. Yanzu saura yadda zan kawo shi gida.

Alhaji na Mishigan:
Masha Allah, ka yi saye. A nan za ka ba da shi a wanke sifirin kafin ka tafi. Ranar tafiya ka bari ya juya har wanin ya sauka, ka cire kan allurar da hannun wanawa ka naɗe su daban, ka cusa tsumma kar komai ya motsa, in da hali ka riƙe shi a hannu kar ka ba da shi cikin kaya. Faya-fayan kowanne tsakanin kwali biyu a ɗaure tam, ni an taɓa aiko min 20 a ambulan mai laushi, 7 kawai suka iso da rai.

Kawu Mai Agogo, Kano:
In ya iso kuma a tsaye za a jera su kamar littattafai, nesa da taga da rufin kwano, zafin Afrilu lanƙwasa su yake. Akwatin kar a ajiye a ƙasa saboda gara.

Hajiya Maman Sadiq:
Na dawo daga cikin gari yanzu. Guda 9 ne, biyu sun rabe gida biyu ɗaya bakinsa ya gutsure. Huɗu masu hoton kare ne, biyu an rubuta Decca takardar rawaya ce, sauran ƙura ta rufe rubutun ba na gani sosai. Yayata ta kawo sifirit wai a goge, na ce ta dakata in tambaya tukun.

Kawu Mai Agogo, Kano:
Hajiya dan girman Allah kar sifirit ya taɓa su, narkar da shalak yake nan take. Ki sa burushi mai laushi ki kaɗe ƙurar a bushe, takardar kar ruwa ya same ta, har waɗanda suka fashe ki ajiye kar ki zubar.

Baba Zango, Kumasi:
Ki ɗauko mana hoton takardar kowanne a haske Hajiya, fuska biyun duka, musamman harufa da lambar da ke ƙasan ramin tsakiya. Ki fara da masu rawayar.